Hatsin Kwali da Kunun Ot: Asalin Karin Kumallon Zamani da Yadda Ake Dama Na Gida

Duk wanda ya shiga babban kanti a Kano ko Kaduna ko Yamai, ya bi ta layin da ake jera kayan karin kumallo, zai tarar da kwalaye masu launi iri-iri sun cika kanta tun daga ƙasa har inda hannu ba ya kaiwa, wani da hoton zakara, wani da damisa, wani kuma gwangwani ne mai hoton dattijon Bature da farin gashi da baƙar malafa yana murmushi. Yara suna da gwaninsu a ciki, iyaye ma suna da nasu, har ya zamana a waɗansu gidajen ma'aikata ba a jin an karya kumallo sai an ji ƙarar Corn Flakes a cikin kwano, ko an dama Golden Morn, ko an jiƙa Weetabix da madara. Amma kaɗan ne daga cikin masu saye suka san cewa asalin wannan abinci magani ne na marasa lafiya, kuma waɗanda suka ƙago shi mutane ne masu zuhudu, waɗanda da za su dawo duniya su ɗanɗana abin da ake sayarwa da sunansu a yau, da sun yi tir da shi.

Al'amarin ya faro ne a Amurka a ƙarni na 19, zamanin da mutanen ƙasar, musamman masu hali, suka saba buɗe baki da safe da naman alade da soyayyen ƙwai da dankali da kayan maiƙo, alhali kuwa da yawansu sun bar aikin gona sun koma zaman ofis da kanti, inda babu guminsa da zai narkar da irin wannan nauyi. Saboda haka ƙwarnafi da kumburin ciki da rashin narkewar abinci suka zama ruwan dare, sai masu wa'azin gyaran abinci suka taso, rabinsu likitoci rabinsu malaman coci. Ɗaya daga cikinsu, James Caleb Jackson, wanda yake da gidan jinya a Dansville ta jihar Niyok, shi ne a shekarar 1863 ya gasa ƙullun garin alkama har ya bushe ƙarau, ya farfasa shi, ya sa masa suna Granula. Sai dai taurinsa ya kai matuƙar da dole a jiƙa shi tun da dare kafin haƙori ya iya da shi, don haka bai yi kasuwa ba.

Inda abin ya yi tushe sosai shi ne wani gari da ake kira Battle Creek a jihar Mishigan, cibiyar wata ɗariƙa ta Nasara masu girmama ranar Asabar, waɗanda a cikin koyarwarsu akwai nisantar naman alade da giya da taba, da yawansu ma har nama baki ɗaya da shayi da gahawa. Sun buɗe gidan jinya a can a 1866, kuma a 1876 aka danƙa shugabancinsa ga wani matashin likita, John Harvey Kellogg, mutum mai hazaƙa da tsananin ra'ayi, wanda ya yi imani cewa mafi yawan cututtuka daga hanji suke tasowa, kuma yaji da zaƙi da maiƙo suna motsa sha'awa su ɓata ɗabi'a. Ƙanensa Will Keith Kellogg shi ke riƙe masa littafin kuɗi da sauran hidimomi, yana aiki dare da rana a kan albashi kaɗan. A 1894, suna cikin neman hanyar da za su sarrafa alkama ta yi wa majinyata sauƙin tauna, aka bar dafaffiyar alkama ta kwana ba a kula ba. Da aka bi da ita ta tsakanin ƙarafan murza, maimakon ta fito a shimfiɗe kamar yadda aka saba, sai kowace ƙwaya ta baje ita kaɗai ta zama ɓawo siriri, aka gasa, majinyata suka ci suka nemi ƙari. Masu tarihi sun yi saɓani a kan wanda ya fi hannu a wannan dace, ko likitan, ko ƙanen, ko matar likitan Ella, amma takardar mallakar fasahar da aka bayar a 1896 sunan likitan ke kanta. Bayan 'yan shekaru suka gwada da masara, suka ga ta fi alkama garɗi.

Sukari ne ya raba 'yan'uwan nan biyu. Will ya lura cewa mai lafiya ba zai sayi abinci lami da kuɗinsa ba, sai ya nemi a zuba ɗan zaƙi; likitan kuwa yana ganin yin haka cin amanar manufar ne. A 1906 Will ya ɓalle ya kafa kamfaninsa, ya dinga buga sa hannunsa a jikin kowane kwali don a bambanta nasa da na masu kwaikwayo, ya kuma zuba dukiya a talla irin wadda ba a saba gani ba. Suka shafe shekaru suna shari'a a kan wanda ya cancanci amfani da sunan gidansu, kotu ta ba ƙanen gaskiya, zumunci kuwa bai sake gyaruwa ba har suka koma ga Mahaliccinsu, likitan a 1943, ƙanen a 1951, kowannensu yana da shekara 91. Akwai kuma wani tsohon majinyacin gidan, Charles William Post, wanda ya kwanta jinya ya buɗe ido ya ga yadda ake yi, ya fita ya kafa nasa kamfanin a garin, ya fitar da Grape-Nuts a 1897. Shi ne ya yi karambanin sa wa tasa gasasshiyar masarar sunan Annabi Ilyasu da mannu, abincin da aka saukar wa Banu Isra'ila daga sama, malaman coci suka yi masa ca, ala tilas ya sauya sunan zuwa Post Toasties a 1908.

Daga nan sai kasuwa ta buɗe. Rice Krispies ya fito a 1928, Weetabix ya fara a Ingila a 1932, Cheerios a 1941. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da talabijin ya shiga gidaje, 'yan kasuwa suka gane cewa hanya mafi kusa zuwa aljihun uba ita ce ta bakin ɗansa, sai aka koma lulluɓe hatsi da sukari, ana zana dabbobi a kwali, ana jefa abin wasa a ciki. Frosted Flakes mai hoton damisa ya fito a 1952, kuma an samu waɗansu irin waɗannan da sukari ya kai rabin nauyin abin da ke cikin kwalin. Abin da aka ƙago don a hana majinyaci zaƙi, cikin shekara 60 ya koma alewa da madara.

Adalci ya wajaba a nan, domin ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Da yawa daga cikin kwalayen nan ana ƙara musu sinadarin ƙarfe da bitamin, kuma ga yaron da ba ya samun nama da ganye yadda ya kamata wannan fa'ida ce ta haƙiƙa. Ga kuma sauƙi: uwar da za ta shirya yara uku zuwa makaranta, ita ma tana da wurin aikin da za ta isa kafin ƙarfe 8, ba za a zarge ta ba idan ta zaɓi abin da ba ya bukatar wuta. Waɗansunsu ma a ƙasarmu ake yin su, kamar Corn Flakes na kamfanin Nasco da ke Jos, da Golden Morn wanda ake haɗawa da masara da waken suya, har ya zama masarar da manomin Saminaka ko Funtuwa ya sayar da tiya tana iya dawo masa a cikin kwali da tsadar da ta ninka. Abin da ya kamata mai saye ya lazimta shi ne juya kwalin ya karanta bayansa. Gram 4 na sukari shi ne kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini, wato kimanin gram 50 ga baligi, yaro kuwa ƙasa da haka. Wanda ya san wannan lissafi, ya ga abin da aka riga aka zuba a masana'anta, hannunsa zai yi nauyi wajen ƙara cokali biyu a kai.

To, a gefen waɗannan kwalaye akwai gwangwanin nan mai hoton dattijo, wanda mutanenmu suke kira kwaka, kuma a ganina shi ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi kaɗai ne a layin yake zuwa hannun mai girki a matsayin hatsi tsantsa, ba gishiri ba sukari, ya bar mata hukuncin abin da za ta yi da shi. Ot tsiro ne na ƙasashen sanyi da damshi, shi ya sa ba a noma shi a ƙasar Hausa. Manyan masu noma shi su ne Kanada da Rasha, sai irin su Folan da Finlan da Ostireliya. Asalinsa ciyawa ce da ke fitowa a gonakin alkama da sha'ir, sai daga baya manoman arewacin Turai suka lura cewa inda sanyi da ruwa suka kashe alkama ita tana tsayawa, suka mayar da ita abin shuka. An daɗe ana raina ta a matsayin abincin dabba. Samuel Johnson, wanda ya wallafa shahararren ƙamusun Ingilishi a 1755, da ya zo bayanin wannan hatsi sai ya yi wa mutanen Sukotilan shaguɓe cewa abin da suke rayuwa a kansa shi ake ba dawaki a Ingila. A Amurka ma sai da wani Bajamushe mai suna Ferdinand Schumacher ya kafa injin niƙa a Akron ta jihar Ohayo a tsakiyar ƙarni na 19 kafin mutane su yarda abincin bil'adama ne. Hoton dattijon kuwa an yi masa rajista a 1877, kuma siffar mabiyin ɗariƙar Quaker ce, wadda aka sani da gaskiya a ciniki. Masu kamfanin ba su da alaƙa da ɗariƙar, sun ari kyakkyawan sunanta ne kawai don a amince da hajarsu.

Mutanen Sukotilan ba su damu da shaguɓen ba, har yau su ne malaman wannan fanni. A mazhabarsu ta asali abu uku ne kawai ke shiga tukunya, wato ot da ruwa da gishiri, kuma tsofaffinsu suna ganin zuba sukari lalaci ne irin na mutanen Ingila. Suna juyawa da wani siririn itace mai kama da muciya, suna da camfin cewa da hannun dama ake juyawa, ana bin dama. A da, an ce, matan ƙauye sukan dafa mai yawa su juye a aljihun tebur ya daskare, a riƙa yankawa ana ba masu fita gona da kiwo su tafi da shi. Tun 1994 ake gasar duniya ta dama wannan kunu kowace shekara a wani ƙauye mai suna Carrbridge, kyautar kuwa ita ce muciyar nan mai ruwan zinariya. A Suwizalan kuma wani likita, Maximilian Bircher-Benner, wajen shekarar 1900 ya riƙa ba majinyatansa ɗanyen ot da aka jiƙa, haɗe da gurzajjen tuffa da 'ya'yan itace, daga nan aka samo abin da ake sayarwa yanzu da sunan muesli.

Kafin a ɗora tukunya ya kamata a san irin ot ɗin da ke hannu, domin hatsin ɗaya ne amma sarrafawar ta bambanta, kuma a nan ne mafi yawan masu dama shi suke kuskure. Bayan an cire ƙaiƙayi, ana gasa ƙwayar da zafi a masana'anta, saboda ot ya fi sauran hatsi mai, in ba a yi haka ba ba ya jimawa sai ya yi maƙaƙi. Daga nan wani ana ɓarza shi ya zama tsaki, shi ne mai cin wuta, minti 20 zuwa 30, da ruwa kofi 3 ko 4 ga kowane kofi. Wani ana turara shi a murje shi ya baje, wannan minti 5 ya ishe shi, da ruwa kofi 2. Akwai wanda aka yayyanka aka ƙara murje shi ya yi siriri, wanda ya fito a 1922, shi ne mafi yawa a kantunanmu, minti 2 ko 3 ya nuna. Na ƙarshe shi ne na 'yan ƙananan leda da aka riga aka dafa aka busar, wanda kamfanin Quaker, mai gwangwanin dattijon nan, ya fitar a 1966, ruwan zafi kawai ake zuba masa, kuma sau da yawa an riga an cika shi da sukari da kayan ƙamshi, ya koma sahun kwalayen da muka ambata.

Yadda ake yi kuwa, ga wadda ta iya dama koko babu wani sabon ilimi a ciki. Uwargida ta auna ot kofi ɗaya a tukunya mai kaurin gindi, ta zuba ruwan sanyi kofi 2, ta sa gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, ta motsa tun kafin ta kunna wuta. Farawa da ruwan sanyi shi ne sirrin laushi, shi ne kuma maganin gudaji, domin idan aka watsa ot mai laushi a cikin tafasasshen ruwa sai wajen ya nuna ya rufe cikin ya bar shi ɗanye. Wanda kuma ya fi son ya ji ƙwayar a bakinsa, sai ya bari ruwan ya tafasa, ya riƙa barbaɗawa yana juyawa. Da zarar ya fara tafasa a rage wuta sosai. Za a ga ruwan ya fara yin fari, sa'an nan ya yi yauƙi, sa'an nan ƙwai-ƙwai su riƙa tasowa a hankali suna fashewa da ɗan sauti, ludayi kuma ya fara barin sawu a gindin tukunya. A nan ake saukewa, tun yana da ɗan ruwa-ruwa fiye da yadda ake so, a rufe minti 2, domin yana ƙara kauri bayan an sauke, kuma wanda ya jira sai ya yi daidai a kan wuta zai zuba tuwo a kwano. Kada a yi nisa da shi, musamman in da madara aka dafa, don yana da saurin kamawa, kuma in ƙauri ya shiga babu abin da ke fitar da shi. Gishirin nan da mutane da yawa suke tsallakewa, a zatonsu ba ya haɗuwa da abin zaƙi, shi ne ke raba kunun ot mai daɗi da wanda yara ke turewa suna cewa ba ɗanɗano. Mai son ƙarin ƙamshi sai ya fara soya busasshen ot ɗin sama-sama a tukunya ba mai, har ya ji ƙamshi irin na gasasshiyar gyaɗa, kafin ya zuba ruwa.

Abin da za a ɗora a kai shi ne inda kasuwarmu ta fi ta Turawa arziki. Dabino uku ko huɗu da aka yayyanka aka jefa tun ana dafawa suna narkewa su wadatar daga sukari. Akwai zuma, akwai mazarƙwaila, akwai ayaba nunanniya da za a murƙushe a ciki. Ga citta da kanumfari da kirfa ga mai son yaji. Ga dakakkiyar gyaɗa ko riɗi ko ɗan cokalin tunkuza, waɗanda suke sa ya daɗe a ciki. Madarar gari an fi so a dama ta daban a zuba bayan an sauke, kindirmo kuma sai ya huce. Masu firij da wutar da ba ta yankewa suna iya jiƙa ot da madara ko kindirmo tun dare su sha da safe ba tare da dafawa ba, amma a zafin bazara, inda ba tabbacin sanyi, wannan kasada ce da ba ta da dalili. Gwangwanin kuma a rufe shi ruf a ajiye inda ba zafi, saboda ƙwari da maƙaƙi. Tukunya a jiƙa ta da ruwan sanyi nan take, in ba haka ba mai wanke-wanke za ta yi Allah wadai.

Game da lafiya, abin da bincike ya tabbatar shi ne ot yana ɗauke da wani nau'in dusa mai narkewa a ruwa, shi ne ma yake kawo yauƙin nan, wanda yake rage kitsen da ke taruwa a jijiyoyin jini, yake kuma jinkirta narkewar abinci har mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. A 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin kwali cewa cin gram 3 na wannan sinadari kullum, tare da rage maiƙo, yana iya rage haɗarin ciwon zuciya. Wannan jinkirin narkewa shi ya sa ya dace da sahur. Amma masu ciwon sukari, waɗanda yanzu da yawansu suke niƙa ot su tuƙa tuwo da shi, ya kamata su sani cewa gwargwadon laushin niƙa gwargwadon saurin shigarsa jini, tsakin ya fi garin jinkiri, kuma yawan abin da aka ci yana da hukunci ko da abin mai kyau ne. Shawarar likitansu ita ce gaba da ta maƙwabta. Abin sha'awa, sha'ir ma yana da wannan sinadari, kuma ɗaliban hadisi sun san talbina, wato kunun garin sha'ir da ake sa wa madara ko zuma, wadda ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, takan yi umarni a dama wa mara lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, tana danganta fa'idarta ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ashe kunun hatsi ga mai rauni tsohuwar hikima ce da ta riga gidan jinyar Battle Creek da ƙarni 12.

Saura mas'alar kuɗi. Ot daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin canjin kuɗi, kuma akwai gidaje da yawa da gwangwani ɗaya ya fi ƙarfin cefanensu. Kada mai irin wannan gida ya ɗauka an bar shi a baya, domin gero da dawa da ba a cika surfe su an zubar da dusarsu ba hatsi ne cikakku, kunun gyaɗa da kunun tsamiya da koko da ƙosai kuma karin kumallo ne da ba shi da abin kunya a gaban kowane kwali. Wanda yake da hali kuma yana tsaye a kanti yana shawara, to ya ɗauki gwangwanin ot wanda ba a haɗa shi da komai ba, ya biya ta wajen mai dabino a hanyarsa ta komawa gida, kwalin mai damisa kuwa a bar wa yara shi sai ranar Juma'a ko ranar Salla.